Rasuwar Gonta, Injin Mota Mai Lamba Talatin da Bakwai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yanzu baƙin mai bai bar su ba, Kuramochi Tetsuo, mai garejin Kuramochi, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da abokan hamayya, rasuwar Gonta, injin motar tsere mai lamba talatin da bakwai. Ya cika ranar Lahadi, a zagayen ƙarshe na tseren ƙarshe na bana, yana hango layin gamawa.

Marigayin ɗan gasar matasa ne, wadda ake yi da motoci masu kujera ɗaya da tayoyi a waje. Kuramochi yana raye aka kafa ta, kuma bai manta dalili ba. A da, yaro in ya girmi ƙananan motocin tseren yara, aljihun ubansa ne yake yi masa gudu. Sai manya suka ce ya isa haka: mota iri ɗaya ga kowa, taya iri ɗaya, inji iri ɗaya, a raba da ƙuri'a, a ɗaure kowane inji da wayar ƙarfe a buga masa hatimin dalma don kada a buɗe shi. Wanda ya sauya inji, ya tashi daga can bayan sahu. Wanda ya yanke waya, ya tattara kayansa. Kuramochi ya fi kowa tafa wa wannan doka, don shi da ƙaramin garejinsa aka yi ta.

Ƙuri'a ce ta kawo Gonta gidan nan, kuma bai taɓa ba maigidansa kunya ba. Da sanyin safiya sai ya yi tari sau biyu, "ƙuh, ƙuh", kafin ya yarda ya tashi, kamar dattijon da aka katse wa barci. Amma in ya hau miƙaƙƙiyar hanya ya buɗe murya, "waaang", har masu sayar da shayi a bayan rumfa sun san shi ne.

Shi ya ɗauko direbarsa Hayase Chizuru, 'yar shekara sha bakwai, tun farkon kakar tsere har ta zo kai da kai da abokin hamayyarta Tomioka Ren. Duk wanda ya riga wani a tseren ƙarshe shi ne zakara, zakara kaɗai kuma ake ba kujera a gasar manya. Iyayen Chizuru shekara guda suka ara mata. In ba ta ci ba, shagon taliyarsu na garin Gifu yana jiran ta, ta kuma sa hannu a kan haka da bakinta.

Ciwon ajali ya fara ranar Asabar da yamma. A ƙarƙashin rurin da aka saba, wata 'yar ƙara ta ɓullo, "kas, kas, kas". Kuramochi ya ji ta. Ya san inda ciwon yake, ya san maganin, wani ɗan ƙarfe ne da bai fi babban yatsa ba, kuma yana da shi a akwatin kayan aikinsa. Wayar hatimi ce kawai a tsakaninsu.

Ranar Lahadi, yaran gareji sun fita cin shinkafarsu, ya zauna gaban majinyacin da filaya a hannu. Ya daɗe yana kallon wayar. A nan Chizuru ta same shi.

"Baba Kuramochi, me kake yi da wannan?"

"Kallo nake."

"Da filaya ake kallo yanzu?"

"Ke 'yar nan, ba zai kai ba. Na rantse miki ba zai kai ba. Bari in sa miki sabon inji, ki tashi daga baya."

"In tashi daga baya in kamo Ren? A keke?" Ta miƙa hannu. "Ba ni nan. Ni da shi muka fara, ni da shi za mu gama. Kuma ba zan zama wadda aka kora don waya ba."

Ya ba ta filayar. Ya zuba gishiri a bakin gareji don korar sharri kamar yadda ya saba, har ya ƙara.

Marigayin ya yi jarumta. Tun daga tashi ya sa Chizuru a gaba, Ren yana manne da ita kamar kaska. Kuramochi yana jikin katanga, ba ya kallon allo, kunne kawai ya kasa. Duk wucewa ƙarar tana ƙaruwa. Da suka fito kwanar ƙarshe, an riga an ɗaga tutar gama tsere mai baƙi da fari, sai Gonta ya ce "gwaf", farin hayaƙi ya turnuƙe, ya yi shiru. Motar ta ci gaba da gangarawa babu murya, 'yan kallo suka miƙe tsaye. Ren ya wuce ta saura ƙiris ta kai layi.

Marigayin ya bar direba ɗaya, tayoyi huɗu da suka zama marayu, 'yan uwa na masana'anta da ke warwatse a garejin abokan hamayya, da maigida da abinci ya ƙi shiga bakinsa. Ya tafi da hatiminsa a jiki, ko ƙwarzane babu.

Za a yi addu'ar sallama ranar Laraba a garejin Kuramochi. Malamin gidan bauta na unguwa zai jagoranta, kamar yadda yake yi wa tsofaffin allurai da almakasai, daga nan a mayar da gawar masana'anta a rufe, don doka ba ta yarda a buɗe shi ko a mace ba. Masu zuwa su taho da turaren wuta, kuma don girman marigayin kada kowa ya tambayi Kuramochi zancen filaya. Da safe aka so yi, amma an ɗaga zuwa yamma, saboda Chizuru ba za ta samu fitowa ba sai ta gama wanke kwanukan rana a shagon taliya.