Ranar da na zare makullin injin awo

Ba zan taɓa mantawa da wannan Alhamis ɗin ba, ko da Bilkisu ta yafe mini.

Bilkisu ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a Birnin Gwari, ni kuma mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwa, wanda littattafan soyayya suka gama ɓata wa kai. Tsohuwar kwamfutar da ke haɗe da na'urar ɗaukar hoton ciki ta asibitin ta fara sandarewa, injiniyan da suke kira daga Kaduna kuma ya ce ba zai biyo hanyar nan ba. Na ce ni zan gyara. (A raina har na hango ta ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen mayafi.)

Na bi matsalar har cikin kanel, wato zuciyar manhajar da ke juya injin gaba ɗaya. A can akwai abin da muke kira makulli. Kamar sakatar banɗaki yake, aiki ɗaya ya shiga ya kulle, sauran su jira. Na lura a nan injin yake tsayawa. Ƙa'ida ita ce ka gwada gyaranka a wani injin daban, in kuma dole ne ka taɓa mai aiki, ka tsayar da komai tukuna. Ni kuwa Bilkisu na tsaye a kaina, turarenta na dukan hancina. Na zare makullin injin yana gudu, wai zan mayar in na gano ainihin cutar.

Hoto ya fito tar.

"Kai, Allah ya yi maka baiwa!" in ji ta.

Daga nan ban sake tuna wani makulli ba.

Alhamis ranar awo ce. Masu juna biyu suka cika benci, wasu daga Kusasu, wasu daga Dogon Dawa, sun ratso daji a kan babur da addu'a a baki. Ana kan mace ta biyu sai ayyuka biyu suka yi karo a wurin da na bari a buɗe. Injin ya ɗauke, ya ƙi tashi. Aka kirawo ni.

"Me ka taɓa?" Bilkisu ta tambaya.

"Ɗan makulli ne kawai..."

"To Malam, fita ka gaya musu da bakinka."

Na fita ina in'ina. Wata dattijuwa da ta rako surukarta ta dube ni.

"Ɗan nan, wato mu koma ta dajin nan, mu sake dawowa?"

"Eh, Inna."

Da ma ta zage ni. Gyara ɗankwali kawai ta yi, ta kama hannun yarinyar suka nufi babur.

Har yau Bilkisu "Malam" take ce mini, kamar wani baƙo. Ni kuwa in na ga abu a kulle, sai na tambayi dalili kafin in taɓa, musamman in akwai turare a ɗakin.