Yadda Ake Tsare Bahon Haihuwa Daga Maigida

Ke da 'yarki ta kafe sai a gida za ta haihu, kuma a cikin ruwa, zauna ki karanta. Ban yi nisa a makaranta ba, kifi na yi ta gyarawa a kasuwar Uwajima, a nan Japan, shekara arba'in. Amma na taɓa haɗa bahon haihuwa sau ɗaya, kuma na san duk kurakuran da ake yi, domin babu wanda ban yi ba. Ki bi matakan nan, na yi miki alkawari jariri zai fito. A ina zai fito, wannan ban ce ba.

1. Ki yarda tun da wuri

'Yata Sanae ta yi haihuwar fari a gadon asibiti, kwana biyu tana naƙuda a rigingine, ta rantse ba ta ƙara haihuwa a can. Da ciki na biyu ya tsufa sai ga ta a gidanmu da ƙaton kwali da wata ungozoma, Malama Kuniko. Kada ki ɓata bakinki da musu. Ki karɓi kwalin kawai.

2. Ki hura baho

Na roba ne, girmansa ya kai ƙaramin kwalekwale. Ki shimfiɗa leda a kan tatami, tabarmar daɓen ɗakunanmu, ki ɗora tsofaffin barguna, sannan ki nemi famfon hurawa. Ba za ki gan shi ba. Marigayi mijina Tokuji, masunci ne, ya ce ƙirjinsa ya fi kowane famfo. Ya yi minti huɗu yana hurawa, jiri ya kwantar da shi. Famfon yana ƙasan kwali, ƙarƙashin takardar bayani. Ki fara ɗaga takardar, ba sai kin karanta ba.

3. Ki auna zafin ruwa

Digiri talatin da bakwai, kada ya wuce. Ranar da muka cika shi don gwaji, Tokuji ya tsoma hannu ya yamutsa fuska.

"Wannan ai shayin jiya ne. Mutum na wanka a arba'in da biyu."

"Baba," in ji Malama Kuniko, "jariri za mu karɓa, ba ƙaguwa za mu dafa ba."

4. Ki san inda hatsarin yake

Ba yoyo ba ne, ba tiyo ba ne. Maigida ne. Shekara arba'in da shida ba a taɓa tara ruwan zafi a gidan nan ba sai Tokuji ya fara shiga. A nan ruwan baho ɗaya duk gida ke shiga: shi, sannan yara, sannan ni, abin da ya rage a wanke kaya da shi. Haka ya ga ubansa yana yi. Don haka na tsayar da shi na ce, "Baban Sanae, wannan ruwan ba naka ba ne."

"Na ji."

"Me na ce?"

"Kin yi maganar ruwa."

Idan naki ya amsa haka, ki kai shi bakin teku ki ɗaure shi a jikin kwalekwalensa.

5. Kada ki juya baya

Naƙuda ta tashi da hantsi. Tankin ruwan zafi ya ƙare baho bai cika ba, na aika maƙwabta su dafa mana a butocinsu. Da ruwa ya kai inda ake so, ni da Malama Kuniko muka shiga ɗaya ɗakin mu tallabo Sanae. Minti goma ne. Muka zuge ƙofa, sai ga Tokuji, ruwa har wuya, ɗan tawul a ninke bisa kai, ido a lumshe.

"Baban Sanae!"

"Na cuɗa jikina kafin in shiga," ya ce. "Har sau biyu. Ni ba ƙazami ba ne."

"Fito, tsohon banza!"

"Bai ma yi zafi ba. Gara da na duba muku."

Malama Kuniko ta ce ruwan ya tashi daga aiki, sai an zubar an sake tarawa, awa uku. Sanae ta dafe ƙugu ta yi wani nishi da ya nuna mana babu awa uku.

6. Idan ya shiga, ya shiga

Ya yunƙura zai tashi, sai ga matan maƙwabta uku a bakin ƙofa, kowacce da buta. Tawul ɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba. Ya koma ya nutse har haɓa.

Sanae ta durƙusa a kan tatami ta kama gefen baho, domin shi kaɗai ne abin kamawa a ɗakin. Tsakanin hancinta da na ubanta bai kai taƙi ɗaya ba.

"Baba, ruwana ne."

"Na sani, 'yata."

"Wata tara ina jiran sa!"

"Kama hannuna."

Ta kama kunnensa. Kusan awa guda tana riƙe da shi. Ruwa ya huce, leɓensa ya yi shuɗi. Duk sanda aka ce a yi nishi sai ya yi, har Malama Kuniko ta ce, "Baba, ba da kai nake ba." Jaririya ta sauka a kan busasshen bargo. Mutum ɗaya ne a cikin ruwa, kuma ya fi ta kuka.

7. Ki zubar da ruwan

Ki zura tiyo ta taga zuwa lambu. Wannan shi ne mai sauƙin. Sanae ta yi kwana goma sha tara ba ta yi masa magana ba, ni ma na taya ta. Shi kuwa kullum da yamma shi ke haɗa wa jaririya ruwa a ƙaramin baho, yana gwadawa da gwiwar hannu, kuma ba ya shiga nasa sai an gama nata. A kwana na ashirin Sanae ta tsoma yatsa ta ce, "Baba, ya yi daidai." Ya fita tsakar gida ya daɗe yana ɗinkin ragar da ba ta yage ba.

Ya rasu da kaka. Zuciya ce, ba sanyin ruwa ba. Likita ya faɗa, na sa ya maimaita.

Sanarwa

Idan baho ya fashe, ko tatami ya ruɓe, ko jariri ya zaɓi ƙasa, kada wanda ya zo ƙofata. Idan kuma kin tarar da naki tsohon a ciki, ni ban ce ki zage shi ba. Ni na zagi nawa. Yanzu kullum da yamma ina cika bahon wankanmu, in tsaya a bakin ƙofa da tawul a hannu har ruwan ya huce. Har yau ban iya shiga ruwan da wani bai riga ni ba.