Ranar da Na Kunna wa Hajiya Kiɗan Uwar Dodanni

Ko zan manta da komai a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da bikin Lawal ba, kuma duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci sabo fil. Haushin mutum uku nake ji: Bala mai faci, da wani emsi, mai gabatar da biki, da aka ɗauko daga Funtuwa, da ni kaina. Nawa kason ya fi yawa, na sani, amma wallahi su ma ba zan rage masu nasu ba.

Ni sana'ata tura waƙoƙi da finafinai a waya, ina da ɗan shago a bakin kasuwar Ƙanƙara. Wannan sana'a ita ta kumbura min kai. In mutum ya wuni ana ce masa "zaɓa min masu daɗi", a hankali sai ya fara ganin duk garin babu mai kunne sai shi. Ana cikin haka na ci karo da wani irin kiɗa a intanet. Wasu Turawa ne masu gashi har kafaɗa suke ɗauko kiɗan gem, irin wanda muke bugawa muna yara, su sake kaɗa shi da jitar lantarki da manyan ganguna. Rok ake ce wa salon. Ɗan kiɗan nan da a da yake fitowa daga tsohuwar talabijin kamar kukan tsako, sai ka ji ya koma wani abu mai cika ƙirji. Ranar da na fara ji har tsigar jikina ta tashi. Na bi na kwashe su kaf, na cika memori guda, na dinga cusa wa masu zuwa shagona (babu wanda ya taɓa dawowa ya ce in ƙara masa, amma ni ban ga komai a cikin wannan ba).

Lawal kuwa abokina ne tun muna firamare. Gidansu a Mairuwa yake, can ƙasar Faskari, amma a Ƙanƙara ya yi karatu wajen kawunsa, kuma tare muka ƙarar da ƙuruciyarmu a gidan gem na bayan tasha. Akwai wani gem da ya fi tashe a lokacin, wani ɗan mutum da takobi yana ratsa koguna. In ka kai ƙarshe sai allon ya yi duhu, wani kiɗa mai nauyi ya tashi, wata ƙatuwar halitta mai hannuwa barkatai ta fito daga ƙofa tana takawa a hankali. Uwar Dodanni muke ce mata. Da kiɗan ya fara, duk yaran da suka yi cincirindo a bayan mai bugawa sai su hau buga ƙafa a ƙasa suna cewa, "Ta fito! Ta fito! Mai rai ɗaya ya yi ta kansa!" Haka ake yi kullum, ba a fashi.

To Lawal ɗan fari ne, kuma mahaifiyarsa, Hajiya, tana cikin matan nan da suka riƙe alkunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta faɗin sunansa, "wancan" take cewa. In ya gaishe ta a gaban mutane sai ta amsa tana kallon bango. Ba ta je saukarsa ba, ba ta je ranar da ya gama kwaleji ba, babu hoto ko ɗaya a duniya da suke ciki tare. Kowa ya san tana ji da shi, don ita ce za ta tashi ta yi masa dambu ta ba ƙannensa su kai masa, ta ce wai ragowa ce aka rasa mai ci. Amma abin yana cin Lawal a rai. Da bikinsa ya matso, abu ɗaya tak ya roƙa: Hajiya ta shigo wajen taron, ta tsaya kusa da shi da amarya, ta ɗora masa hannu a ka, a ɗauki hoto. Gwaggo Hure, ƙanwar mahaifinsa, ita ta yi ta safa da marwa tana lallashi har Hajiya ta yarda da ƙyar. Ta ce za ta shigo, ta tsaya, ta fita, kuma kada wanda ya ja ta rawa.

Ni aka ba sha'anin kiɗa, wa kuma za a ba? Lawal ya zo har shago ya zauna, ya ce min in Hajiya za ta shigo in sa mata yabon Manzon Allah na mandiri, mai sanyi, irin wanda take saurare a rediyo. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, wannan fagena ne.

Bayan ya tafi na saƙala iyafis a kunne, sai ga kiɗan Uwar Dodanni na rok ya faɗo. Jama'a, ku yi min adalci, kiɗan nan yana da kyau. Da ganguna yake farawa, a hankali, da nauyi, kamar tambura, kafin jita ta taso ta ɗauke shi sama. Na lumshe ido na hango Hajiya, doguwar mace mai cika ido, tana takowa a kan wannan sauti. Na ce ai wannan shi ne kiɗan girma, mandiri kowa ma yana sawa. Za ku tambaye ni ko na manta kiɗan fitowar dodo ne. Ban manta ba. Cewa na yi Turawa sun sauya shi, kuma wa zai gane shi a Mairuwa, cikin manoma da 'yan acaba? Ku ji fa, ni ɗan bakin kasuwar Ƙanƙara nake kiran wasu 'yan ƙauye.

Ranar biki aka kafa kanofi a filin makarantar firamare, aka jera kujerun roba, janareto yana ta ƙugi a bayan aji. Ana idar da Azahar aka fara, saboda dangin amarya daga Sabuwa suka zo, kuma babu mai son yamma ta riske shi a kan hanyar nan. Ni ina gefe a kan teburi da lasifika biyu, na sha sabuwar shadda, ina ta ɗaga wa mutane hannu kamar ni ne angon. Emsin nan na Funtuwa, da wata kwat da ta matse shi, yana ta zuba surutu tun da aka zauna. Can ya ce jama'a a miƙe tsaye, ga mahaifiyar ango nan tafe. Lawal ya miƙe yana gyara hula. Na danna.

Farkon abin ya yi kyau, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Gangunan suka cika filin, dattawa suka gyara tsayuwa, wani Alhaji har yana gyaɗa kai. Hajiya ta bayyana a ƙofar makarantar cikin farin leshi da babban mayafi, Gwaggo Hure tana gefenta, tana takowa daidai da bugun gangar kamar mun yi gwaji. Na ce a raina, yau za a san waye ni.

Sai jita ta shigo da ainihin karin kiɗan.

Bala mai faci na fara gani. Ƙato da shi, da gemu, da 'ya'ya, yana tsaye da farantin shinkafa a hannu. Na ga ya ɗago kai kamar wanda aka kira sunansa daga nesa. Na ga ƙafarsa ta fara bugun ƙasa. Na duba gefensa, wani malamin makaranta shi ma ƙafarsa tana yi, da tela, da mai sayar da taki, da 'yan acaban da na raina. A lokacin ne ƙwaƙwalwata ta tuna min abin da ya kamata ta tuna min tun a shago: abokan ango duk 'yan gidan gem ɗin bayan tasha ne, waɗanda ba su zauna a namu ba sun zauna a na garinsu, kuma gem ɗin ɗaya ne.

"Ta fito!" in ji Bala, da iyakar muryarsa.

Daga baya ya yi ta rantsuwa wai bakinsa ne ya yi shi kaɗai. Ƙarya yake, Allah ya isa. Amma kafin ka ce me, gefen abokan ango gaba ɗaya ya ɗauka, ƙafafu suna dukan ƙasa, manyan mutane masu iyali sun koma 'yan shekara goma. Shi kuma emsi, wannan sakaran da bai san komai ba kuma bai iya rufe baki ba, ya ɗauka kirarin gidan ne. Ya kafa baki a makirfo ya ce, "Ta fito! Hajiya ta fito! Mai rai ɗaya ya yi ta kansa!" Matan Sabuwa, bayin Allah, suka ga ana murna suka rangaɗa guɗa.

Na kai hannu zan kashe. Tafina ya jiƙe da gumi, wayar tana zamewa, maimakon in kashe sai na ƙure ƙarar. A daidai nan ne kuma mai jitar yake haukacewa, wurin da na fi so a duk kiɗan, yana ta ƙara kamar ana yanka ƙarfe da injin walda.

Hajiya ta tsaya cak a tsakiyar fili. Na ga ta karkata ta tambayi Gwaggo Hure mi suke cewa. Gwaggo ba ta sani ba. Wata ƙanwar Lawal ce, tana danne dariya da bakin mayafi, ta raɗa mata cewa kiɗan fitowar dodo ne a gem. Hajiya ba ta kalle ni ba, ba ta kalli Bala ba. Lawal ta kalla, ido cikin ido, abin da ban taɓa ganin ta yi a gaban mutane ba tun da na san su. Sannan ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta juya, ta fita ta ƙofar da ta shigo. Lawal yana tsaye da hannu a miƙe, ya ma manta bai sauke ba. Sai a lokacin Allah ya ba ni basirar fizge wayar lasifikar daga soket.

Shirun da ya biyo baya ya fi kiɗan muni. Janareto kawai ake ji. Ina so ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. Gwaggo Hure ta tako har gaban teburina, ta yi min tas a gaban surukai, ta ce tun ina yaro ta san kaina ba daidai yake ba, ta ce wahalar da ta sha kafin Hajiya ta yarda Allah kaɗai ya sani, ni kuma na zo na watsa mata ƙasa a ido da kiɗan aljanu. Babu ƙarya a cikin abin da ta faɗa. Da ta gama na zagaya bayan kanofi na cakumi wuyan rigar Bala, ina huci, ina ce masa shi wane irin ƙaton banza ne da ba zai iya riƙe bakinsa ba. Ya ɓamɓare hannuna a hankali, har da sauran shinkafa a gemunsa, ya ce, "To ni na kunna?" Wallahi har yau wannan tambayar tana ƙona min rai.

Lawal bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Da za a tashi ya biyo ta gabana, ya tsaya, ya ce, "Mandiri na ce maka." Ya wuce.

Bayan an kwana biyu na sayi goro da turare na hau babur zuwa Mairuwa ba da haƙuri. Aka yi min iso, na durƙusa a tsakar gida kaina a ƙasa. Hajiya tana ɗaga labulen ɗakinta, sai na ji yaran gidan daga bayan rumbu sun fara da baki, dum, dum, dum, suna buga ƙafa. Na ji kamar in tashi in bi su da takalmi. Ita ko tsawa ba ta yi masu ba. Ta zauna a kan tabarma ta bar ni na gama kame-kamena.

"Ka ji abin da ka bar mani a gida," in ji ta. "Ko alwala zan fito haka suke yi mani. Na yafe maka, ɗan nan, je ka. Amma abin da wancan ya roƙa, na yi nawa, na fito. Ba ni ƙara fita."

Kuma ba ta ƙara ba. An yi sunan 'yar Lawal ta fari, tana ɗaki har aka watse.

Muna nan da Lawal, muna gaisawa, ina zuwa gidansa. A falonsa akwai wani hoto babba da ya sa aka yi wa gilashi. Shi ne a tsaye da amarya, hannunsa a miƙe, can gefe kuma bayan Hajiya ne tana fita, farin mayafi kawai ake gani. Na taɓa ce masa don Allah ya sauke shi, ya ce ba zai sauke ba, shi kaɗai ne hoton da suke ciki tare. In ka matsa kusa, a kusurwar ƙasa, za ka ga wani mutum cikin sabuwar shadda ya duƙa a kan waya baki buɗe.

Abin da na koya shi ne, in mutum ya ba ka amanar ranarsa, ka yi masa abin da ya ce, gwanintarka ka ajiye ta sai ranar taka. Ni tawa ranar tana tafe bayan Sallah, kuma Lawal ya riga ya aiko min cewa shi zai riƙe kiɗa.