Yadda Ake Neman Izinin Bature Kafin a Rataye Hoton Mahaifiya

Ya kai mai karatu, idan ka bi matakan nan bi da bi, ina ba ka tabbacin samun cikakken izini, da hatimi da sa hannu, na kallon fuskar mahaifiyarka a bangon ɗakinka. Ni na bi su, kuma na samu. Ban fara riƙe biro ba sai da na haura hamsin, saboda haka ina girmama takarda fiye da waɗanda suka taso a cikinta.

Mataki na ɗaya: Ka gano cewa mahaifiyarka tana da mai ita

Wata rana wani zai miƙo maka waya, ya ce an samu tsofaffin hotunan unguwarku ta New Bell a wani gidan adana kayan tarihi na Turai. Za ka ga wata mata zaune gaban faifan goro a bakin kasuwa, a shekarar 1952. Za ka gane ta da tsagen kumatunta. An danna mata wani babban hatimi tun daga goshi har haɓa. Kada ka yi fushi. Kariya ce aka yi mata, don kada 'ya'yanta su sace ta.

Mataki na biyu: Ka yi alkawari

Ka kai wa yayarka. Tawa sunanta Rakiyatu, shekararta tamanin da biyar, yanar ido ta fara rufe mata gani, kuma ba mu da hoton Inna ko guda. Ta kai wayar har kan hancinta, ta ce, "Ganiyu, ni tambarin buhun shinkafa nake gani. Ka kawo mini babba, tun ina iya bambanta mutum da ƙofa."

Ka ce mata mako biyu. Masana sun tabbatar cewa mako biyu ba shi da nauyi a baki.

Mataki na uku: Ka nemi mai buga hoto mai tsoron doka

Na samu nawa a unguwar Akwa, sunansa Salahuddeen. Ya duba, ya ce, "Baba, c'est interdit, doka ta hana. Akwai haƙƙin wanda ya ɗauka. Ko na rufe ido na buga, hatimin ne zai fito ƙato, ba Hajiya ba."

Na ce, "Ai mahaifiyata ce."

Ya ce, "Mahaifiyarka ce, Baba, amma hotonsa ne."

Ka haddace wannan jawabi. Kwana uku na yi ina neman kuskure a cikinsa, ban samu ba.

Mataki na huɗu: Kada ka je hannu wofi

Babu mai mutunci da zai nemi abu a gidan mutane ba tare da goro ba. Bisa shawarar dattawan masallacinmu, na zaɓi farin goro ƙwarya guda, na naɗe shi da ganye, na kai gidan waya a unguwar Bonanjo. Na haɗa da wasiƙa wadda shafinta na farko duka gaisuwa ce ga shugaban gidan tarihin da iyalinsa.

Bayan wata biyu amsa ta zo. An ƙone goron a kan iyaka domin ba shi da takardar lafiya, kuma ana roƙona in cike fom. Darasi: goro ma sai da izini.

Mataki na biyar: Ka cike fom da gaskiya

Za a tambaye ka kwafi nawa za ka buga, mutum nawa za su gani, kuma a waɗanne ƙasashe. Na rubuta: kwafi ɗaya, mutum ɗaya, ƙasa kuma ɗakin Yaya. Kada ka ɓata lokaci wajen neman gurbin dangantaka, babu shi.

Sunan hoton a wurinsu shi ne "Bahaushiya mai talla, ba a san sunanta ba". Na sanar da su cewa an sani. Suka yi godiya ƙwarai, suka nemi shaida a rubuce daga wancan zamani. Inna kuwa takardar da ta taɓa riƙewa ita ce wadda ake ƙunshe ƙosai.

Mataki na shida: Ka jira magada

Mai ɗaukar hoton ya mutu a 1994, kuma haƙƙinsa yana nan da rai har shekara saba'in bayansa. Magadansa uku ne. Biyu sun yarda, na ukun ya tafi hawan duwatsu. Idan kana gaggawa, ka jira shi. Idan ba ka gaggawa, ka jira 2064.

A tsawon wannan lokaci, kowace Juma'a Yaya za ta juyo da fuska wajen muryarka, ta ce, "Ganiyu, Baturen naka ya sauko?" Ka ce yana hanya.

Mataki na bakwai: Ka karɓi nasararka

Izini ya iso bayan wata goma sha huɗu, da sharaɗi guda: a manna rubutunsu na "ba a san sunanta ba" a ƙarƙashin hoton, ba ragi ba ƙari. Salahuddeen ya buga shi babba, tas, ya sa masa gilashi. Ashe Inna dariya take yi.

Na kai wa Yaya. A lokacin ganin ya riga ya tafi. Ta shafa gilashin daga sama har ƙasa, ta ce, "Kallonmu take?"

Na ce, "Dariya take, Yaya."

"To, ta cuci wani a ciniki ke nan. Wannan takardar ta ƙasa fa, me aka rubuta?"

Na gyara tabarau, na karanta a hankali: "Hadija 'yar Jibirilla, mai goro, mahaifiyar Rakiyatu da Abdulganiyu."

Ta ce, "Ashe Turawan nan sun san mutane."

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan, ya yi asarar goro, ko lokaci, ko ganin 'yar'uwarsa, wannan tsakaninsa ne da Turai, babu hannuna. Yarjejeniyar izinin ta hana canza rubutu, kuma ban taɓa ko harafi ɗaya ba. Na bi shafukanta goma sha ɗaya da yatsa, ban ga inda aka yi magana a kan karatu ba. Idan kai ka gani, ka bar wa kanka.