Ranar da Birina Ya Sha Manja a Lyon

Ba zan taɓa mantawa da gorar nan ba, ko da zan tsufa har haƙorana su zube. Gorar ruwa ce ta roba mai shuɗin murfi, sai dai abin da ke cikinta ba ruwa ba ne.

Ni irin yaran nan ce da malama kan manta suna cikin aji. Ina zama ta wajen taga, na san wanda ya sake takalmi da wadda ta yi kuka kafin ta shigo, amma a ce in buɗe baki, sai in kasa. Shi ya sa da aka ce ajinmu na nan unguwar La Courneuve zai je birnin Lyon taron yara 'yan makaranta kan kare gandun daji, na ɗauki aikin da ba ya son magana, wato zane.

Mako uku na yi ina zana wani biri na dazuzzukan Gana da Kodibuwa, baƙi mai farin gemu (wallahi kamar wani Alhajin unguwarmu in ya fito Juma'a). Malamarmu ta ce saura kaɗan irinsa ya ƙare, saboda farauta da sare daji, har da wanda ake sarewa don dasa manyan gonakin kwakwar manja. Da ta ga zanen sai ta ce ni zan ɗaga shi a gaban jama'a, in karanta layi uku. Na rubuta layukan a bayan takardar, don in ɓoye fuskata ina karantawa. Magana ta ƙare, a ganina.

Na manta da Mama. A gidanmu ba a tafiya hannu sake, ko ina za ka akwai wanda za a aika wa saƙo. Kuma ƙanwarta, Tanti Rabi, a Lyon take aure.

"Ɗiyata, ɗan saƙo ne za ki kai ma Tantinki, ba nauyi. Ta ce manjan can ba shi da ƙamshi irin na kasuwarmu ta Château Rouge."

"Mama, manja? Kin san fa abin da za ni in faɗa a can!"

"To, sha na ce ki yi? Da sanyin ga ya daskare kamar dutse. Ta ce za ta tarbe ki ƙofar wurin."

Ta naɗe gorar a leda, ta cusa ta cikin doguwar jakar da na naɗe zanena a ciki. Gaskiyarta, a daskare yake. A jirgin ƙasa na taɓa shi sau biyu, yana nan daram. Abin da ba mu lissafa ba shi ne ɗakin taron. Da muka shiga aka ce kowa ya ajiye jaka a gefen bango, ni kuma mai lura da komai ban lura cewa bangon nan ne ke da ƙarfen ɗumama ɗaki ba.

Bayan awa biyu aka kira ajinmu. Na ɗauki jakata na hau dandamali. Na sa hannu a jaka, na ji ɗumi da santsi. Da ina da hankali da na tsaya nan, amma na zaro takardar na warware ta a gaban ɗaruruwan idanu. Farin gemun birina ya koma ja jawur, mai na ɗiga daga haɓarsa kamar ya gama cin tuwo. A samansa kuma ga rubutuna da manyan baƙaƙe: a ceci dajinsa. Sai gorar ta sulluɓo, ta gangara a hankali har gaban takalman wata dattijuwa da ta yi shekaru tana aikin kare birai a daji.

Ta ɗauka, ta shinshina. "Wannan ba manja ba ne?"

Ɗakin ya fashe da dariya. Na juya bayan takardar don in ɓuya, layukana uku sun narke, babu harafi ko ɗaya. Ban san lokacin da na ji wata murya tana cewa, "Na Tantina ne," ba. Ashe tawa ce.

Aka ƙara dariya, amma dattijuwar ba ta yi ba. Ta ce, "Kin san daga ina ya zo?"

Na ce ban sani ba. Na ce da shi muke miya tun ina ƙarama, kuma ina son miyar, ina kuma son birin, ban san yadda zan yi ba. Na ba su labarin gemunsa, da yadda yake rayuwa can saman itatuwa, in an sare su ba shi da wurin zuwa. Na fi layi uku nesa ba kusa ba. Wata yarinya a baya ta ɗaga hannu ta ce su ma da shi suke girki, sai wata, sai wasu da yawa.

Dattijuwar ta ce akwai manjan da mata ke matsewa daga 'yan itatuwan ƙauyensu, akwai kuma wanda ake share daji ɗungurungum saboda shi, aikinmu shi ne mu riƙa tambaya. Ta roƙi in bar mata zanen a yadda yake, za ta nuna wa yaran ƙauyukan da ke bakin dajin.

A ƙofa Tanti Rabi ta ɗaga gorar ta duba. "Ke, ina rabin?"

"Biri ya sha, Tanti."

Asabar ɗin da ta biyo na bi Mama Château Rouge, na tambayi mai shagon da bakina daga ina manjansa yake. Ya ce, "Hajiya, yaushe ɗiyarki ta fara magana?" Bai san amsar ba, amma ya ce zai tambayi mai kawo masa. Duk zuwa sai na tuna masa, har yanzu in ya hango ni sai ya kama kai.

Abin da na koya? Ashe muryata tana nan, takarda ce ta tare ta. Sannan duk ranar da Mama ta ce miki ɗan saƙo ne ba nauyi, ki nemo masa jakarsa daban.