Laburare Mai Ƙafa Uku

Jama'a, shekaranjiya na saɓa babbar riga na nufi makarantar su Uwani, 'yata, nan bayanmu a Gyadi-Gyadi, da niyyar tayar da rigima. Yarinyar ta kwana tana kuka wai an ɗauke mata littafi. Uwani ce fa, wadda in ka ce ta ɗauko littafi sai ciwon ciki ya taso mata. Ranar da aka buɗe musu sabon laburare ta ci karo da labarin wani masunci da kwale-kwalensa ya ɓace a tsakiyar ruwa, ta liƙe masa kamar ƙuda a kan mangwaro. Wallahi har ƙwalla na share a ɓoye don murna. Tana tsakiyar labarin, littafi ya yi ɓatan dabo.

Na tarar da ɗakin tsaf, sabon fenti, fanka tana juyawa, an manna takarda a bango: "A yi shiru, ana karatu." Shiru kam an samu. Kantoci wayam, ko takardar naɗe ƙosai babu.

Na ce da mai kula da ɗakin, "Malam Inuwa, ɓarayi ne?"

Ya ce, "Waɗanne ɓarayi, Baban Uwani? Ai aron littattafan aka yi saboda bikin buɗewa. An yanka ƙyalle, an ɗauki hoto, sun yi gaba."

"Gaba ina?"

"Inda za a yanka na gaba mana."

Allah ya ja zamanin mai yanka ƙyallen, Mai Girma Sarkin Almakashi! Ni dai na sara masa. Mu masu ƙaramin tunani mun ɗauka kowace makaranta sai an saya mata nata littattafan. Shi kuwa ya gano 'yan kwalaye kaɗan sun ishi gari guda, a riƙa yawo da su kamar kujerun hayar biki. Masu cewa zanen aro ba ya rufe katara ba su ga hotunan bikin ba ne.

Da yamma ina zaune a ƙofar gida ina mita, maƙwabcina Murtala mai adaidaita sahu ya tuntsire da dariya. Ya ce, "Baba, ai ga laburaren nan a gabanka. Ni nake jigilarsu. Na kai su Daurawa, na kai su Babban Giji, gobe Asabar sai Unguwa Uku."

Na ce, "Don girman Allah ara mana ɗaya, kwana guda."

"Rufa min asiri, Baba. A kulle suke kwana, da safe ake loda min. Sai dai in za ku raka ni layin mai, don tankina ƙaf yake."

Faɗuwa ta zo daidai da zama. Jiya da sassafe muka cusa kanmu tsakanin kwalaye, ni da Uwani, muka bi layi. Ta tona, ta tona, ta zaƙulo masuncinta. Na ce ta ɗaga murya in ji abin da ya hana mu barci.

Kafin ta gama shafi biyu, direban da ke bayanmu ya fito ya jingina da adaidaitar. Mai shayi ya matso da butarsa. Wata Madam Clementina ta kashe rediyon motarta, ta ce, "Yarinya, koma wajen da iska ta taso, ban ji da kyau ba."

Can sai layi ya motsa. In Murtala ya sha mai, littafi ya tafi ke nan, ga masunci yana tsakiyar ruwa. Sai na ji Murtala da bakinsa yana ce wa na baya, "Wuce, Alhaji, wuce." Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin an yi wa mutum tayin shiga gaba a layin mai ba. Alhajin kuma ya ƙi. Ya ce ba inda za shi sai ya ji ko masuncin nan ya ga iyalinsa.

Muna cikin haka ma'aikacin gidan man ya ɗaga hannu ya ce mai ya ƙare. Jama'a suka ce, "Alhamdu lillahi! Ci gaba, yarinya."

Masunci dai ya dawo gida lafiya, har Madam ta share hawaye. An ce can Unguwa Uku Mai Girma ya yanka ƙyallensa a gaban kantoci wayam, aka yi tafi, babu wanda ya lura.

Muna tura adaidaita zuwa gida, Uwani ta ce ta hango wani littafin a ƙasan kwali. "Baba, yaushe za a sake wahalar mai?"

Na ce ta kwantar da hankalinta. Wannan kam alƙawari ne da manyanmu ba su taɓa saɓawa ba.