Kaskon Lantana da Kajin Malam Barau

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a ƙasar Funtua ba sai an yi masa bayanin sanyi ba. Ruwan randa ya zama abin tsoro, alwalar asuba ta koma jarrabawa, mutanen da suka shekara ba sa ga-maciji su haɗu a bakin wutar kara ɗaya suna miƙa tafin hannu kamar ba a taɓa yin komai ba. To, a irin wannan lokaci ne abokina Malam Barau ya ga ya dace ya shiga kiwon kaji.

Barau awon auduga ya yi har ya yi ritaya, amma aikin bai sake shi ba. Mutum ne da ba ya iya ganin abu bai kimanta nauyinsa ba. Ka miƙa masa kankana kyauta, sai ya jinjina ta a hannu kafin ya yi godiya. Jikokinsa in sun zo hutu, kafin ya tambayi karatu sai ya ɗaga su ɗaya-ɗaya ya faɗi wanda ya rame. Matarsa Lantana ta daɗe da sabawa. Ni ne babban abokin ango a bikinsu, tun kanmu bai san furfura ba, shi ya sa har yau in abu ya ishe ta ni take kawo wa ƙara, wai ai ni na rako mata shi.

Gidansu a bayan gari yake, jikin gonarsu, inda iska ba ta da mai tare ta. Lantana tana da kajinta na Hausa tun fil azal. In sanyi ya shigo takan rataya tsofaffin buhuna a jikin akurki, ta zuba toka a ƙasa, ta ɗan barbaɗa musu barkono a ruwan sha, shi ke nan, su da Allah. Tana kuma da wata tsohuwar kyanwa mai yagaggen kunne, wadda ba ta da aiki sai kwanciya kusa da wuta. Damuwar Lantana ɗaya ce a duniya, gwiwarta ta hagu. Sanyin ƙashi gare ta, da zarar ɗari ya sauko gwiwar kan kumbura ta ƙi lanƙwasuwa. Abin da ke riƙe ta a ƙafafunta shi ne ɗakinta na ƙasa mai rufin azara, wanda ke riƙe ɗumi kamar tukunya, da wani bargo mai kauri, sai kaskon wutarta da take cikawa da garwashi tun magariba ta ajiye a gefen gado.

Ranar da Barau ya dawo daga gari da kwali a bayan babur, cike da 'yan tsaki na gidan gona, irin fararen nan masu saurin girma, Lantana ta leƙa ta ce masa waɗannan ba su yi kama da masu jure sanyi ba. Ya ce ai shi ya sa suke da shi. Ya zuba musu ɓuntun shinkafa a wani lungu na zaure, ya kunna fitilar ƙwai ya ajiye a tsakiya. Da gari ya waye ya tarar sun cure wuri ɗaya suna ta kuka, wasu har sun hau kan wasu. Hankalinsa ya tashi. Ya shiga ɗakin Lantana ya ce ta ara masa kasko na kwana biyu.

Kwana biyun Barau ba irin na mutane ba ne. Kasko ya tafi bai dawo ba. Bayan shi bargo ya bi, wai akwai wata kafa a tagar zauren da iska ke shigowa, kuma buhu bai toshe ta yadda yake so ba. Ana haka ya shiga ɗakin Lantana wata safiya neman wani abu, ya tsaya a tsakar ɗakin, ya dafa bango, ya ji ɗumi. Waɗanda suka san shi sun san abin da ke biyo bayan irin wannan tsayuwar. Kafin azahar an kwashe kayan Lantana an kai ɗakinsa na bulo mai rufin kwano, wanda in ka kwana a ciki lokacin ɗari sai ka tashi kana tuba, an baza ɓuntu a ɗakin ƙasa, 'yan tsaki sun tare. Shi kuwa ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa daga ciki, wai gadi yake yi. Gadin da ake yi kusa da kasko ai ba wuya.

Lantana ta tambaye shi sau ɗaya tak.

"Malam, ni fa?"

"Ke ai babba ce," in ji shi. "Kina iya ƙara zane. Su wa zai ɗinka musu riga?"

Kyanwa ma ba ta tsira ba. Ba ta taɓa ko ɗan tsako ɗaya ba, Allah ya sani, amma an kama ta zaune a bakin ƙofa tana kallonsu, kuma Barau ya ce bai yarda da irin kallon ba. Aka kore ta. Ta bi uwar ɗakinta ɗakin kwano, su biyu suka riƙa curewa a gado ɗaya, kowa na neman ɗumi a jikin wanda ba shi da shi.

Ni abin da ya fi ba ni haushi, kuma ya fi ba ni dariya, da bakinsa ya ba mu labarinsa a wurin mai shayi, ko a jikinsa. Ya ce ya dawo daga sallar asuba, yana sa ƙafa a gida ya ji tari. Dama an gaya masa in mura ta shiga cikin irin waɗannan kajin ba ta barin ko ɗaya. Ya faɗa ɗakin kajin da gudu, ya durƙusa, ya riƙa ɗaukar 'yan tsaki yana karawa a kunne. Bai ji komai ba. Sai tarin ya sake tashi, wannan karon daga ɗakin kwano. Ya leƙo ya tambayi wa ke tari. Lantana ta ce ita ce. Ya ce mana wallahi bai san lokacin da ya ce alhamdu lillahi ba. Mai shayi sai da ya ajiye buta, don kada ya ƙona wani.

Gaskiya dai a faɗe ta, kajin sun yi kyau. Wanda ya sha irin wannan gata ai dole ya nuna. Cikin 'yan makonni suka yi ɓul-ɓul, suka cika ɗakin, ƙirji ya fi ƙarfin ƙafa. Nan ne tsohon mai awon auduga ya samu abin da yake so. Kullum da hantsi sai ya kifa turmi a tsakar gida ya zauna, ya riƙa ɗauko su ɗaya bayan ɗaya. Ya jinjina kaza a hannu, ya karkata kai gefe, ya lumshe ido ɗaya, ya ce, "Masha Allah, ta yi nauyi." Sannan ya sauke ta ƙasa ya ce ta taka ya gani. Wadda ta taka lafiya ta kasuwa ce, a mayar da ita ɗaki ta jira ranar kwando. Wadda ta ɗingisa kuwa, tunda mai saye ba ya son gurguwar kaza, ba a kai ta ko'ina. Nan take zai sa hannu a aljihu ya zaro wata 'yar wuƙa mai ƙotar katako, wadda da ita yake yanke igiyar buhu tun zamanin aiki, ya fuskanci gabas.

Lantana ce mai figa. Ta gaya wa maiɗakina cewa duk hunturun nan ruwan figar kaza ne kaɗai abu mai ɗumi da ya taɓa jikinta da izinin Malam.

Wata ranar Litinin sai ga ta a gidana da sanda, tana jan ƙafar hagu, murya ta dushe. Ban taɓa ganin Lantana da sanda ba, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Bayan gaisuwa ta ce abokin ango, ga amanar da ka rako mini nan na zo in gaya maka halin da ake ciki. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta ɗaure kayanta, in Juma'a ta yi kaskonta bai dawo gefen gadonta ba, ita da kyanwarta za su tafi wurin 'yarta a Bakori su zauna har sanyi ya wuce, in ya so shi da kajinsa su riƙa dafa wa juna tuwo. Matar da tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa yin yaji ba, yau ga shi za ta fara da jikoki a ƙasa, kuma a kan kasko. Na san in ta taka ƙofar nan da ƙullin kaya, garin nan ba zai bar Barau ya sha shayi lafiya ba har ya mutu.

Na same shi a kan turminsa. Ban rage masa komai ba. Na ce ya ji kunya, mutum ya mallaki mace irin Lantana ya mayar da ita bayan kaji a layi. Na tuna masa lokacin da ya kwanta ciwon baya, wa ya riƙa gasa masa da tsumma, kajin ne? Abin mamaki, mutumin nan bai yi musu ba. Baki ya buɗe yana kallona. Ya ce shi fa bai san abin ya kai haka ba, ai ba ta ce komai ba. Na ce ta yi tari. Ya sunkuyar da kai, har na fara jin tausayinsa, don Barau ba mugu ba ne. Kansa ne ba ya ɗaukar abu biyu a lokaci guda.

To, irin mutanen nan in suka juya, juyawa suke yi gaba ɗaya. Dama kajin sun isa, washegari ya loda na kasuwa a kwanduna, sauran ya mayar zaure. Ya kwashe ɓuntu da hannunsa, ya sa aka yi wa ɗakin sabon daɓe, aka turara shi har warin ya fita. Kafin Juma'a gadon Lantana ya koma mazauninsa, kasko ya dawo cike da gawayi mai kyau, ga sabon bargo a kan tsohon, ga safa, ga man zafi. Kyanwa ta shigo da kanta ba tare da an gayyace ta ba, ta kwanta inda ta saba, ta juya wa Barau baya.

Bai tsaya nan ba. Duk kulawar da ya koya a kan 'yan tsaki ya juye ta kan matarsa. Da sassafe ya shigo ya dafa bango ya ji ko ɗakin ya huce. Ya toshe kafar taga. Ya hana ta taɓa ruwan sanyi, ya hana ta fita sai rana ta ɗaga. Kunu da safe, farfesu da rana, da yamma a kawo ƙosai, kuma ya tsaya a kanta sai ya ga ƙasan kwano. In ta ce ta ƙoshi ya ce ta ƙara kaɗan. Tari ya tafi, fuska ta ciko, kumburin gwiwa ya fara saɓewa. Maƙwabta suka riƙa cewa Lantana ta koma amarya. Ita dai tana ci tana kallonsa ta wutsiyar ido.

Na je duba ta wata safiya da hantsi. Na tarar da ita a ƙofar ɗaki kan tabarma, lulluɓe da bargo, kasko a gefe, kyanwa a kan ƙafarta. Barau yana zaune a kan kifaffen turminsa, ya zaro 'yar wuƙar nan mai ƙotar katako yana fere mata lemo, sai fara'a yake yi. Muka gaisa, na yi mata ya jiki, ta ce da sauƙi.

Barau ya dakata da fere lemon. Ya dube ta daga sama har ƙasa, ya karkata kai gefe, ya lumshe ido ɗaya.

"Masha Allah," in ji shi. "Ka gani ko? Ɗumi da abinci, shi ke nan sirrin. Lantana, wallahi kin yi nauyi."



Ya nuna tsakar gida da tsinin wuƙar. "Yaya ƙafar? Tashi ki ɗan taka in gani."

Lantana ta dubi turmin, ta dubi abin da ke hannunsa, ta ja bargo ta rufe gwiwarta da kyau.

"Ƙafa ta warke garau, Malam. Mayar da wuƙarka aljihu."